Kakata Mai Ɗumama Mini Jini

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Safar, da hantsi, Allah Ya karɓi ranki, Kaka. Ni da ake ta jiran mutuwata tun ina goye, yau ni ne na zauna rubuta ta'aziyyarki. Wallahi na gaji.

Da sikila aka haife ni, ƙarin jini ya zame mini kamar aski. Ledar jinin kuwa daga firij ake ciro ta, sanyi ƙarara. Ranar da nas ta gaya miki jini ne ke zagayawa da ɗumi a jikin mutum, har ya ɗara fata zafi, kika ce to ba za a ɗura wa mijinki ƙanƙara ba. Kika karɓi ledar kika cusa a rigarki, kika zauna a bencin nan na asibiti mai gurguwar ƙafa kamar kaza a kan ƙwai. Haƙoranki na kaɗawa, amma bakin bai mutu ba: "Kai raggon miji! Jini ma sai an aro maka, an kuma dafa maka?" Tun daga ranar ba ki taɓa fashi ba.

Ni kuma ban bar ki kin huta ba. Sai in kanga goshina a jikin butar shayi, in zo ina nishi wai zazzaɓi. Ki taɓa goshin, ki zura hannu a hammatata, ki ce, "Wannan zafin buta ne, ja'iri. Na jini daga ciki yake tasowa."

Shi ya sa ranar Talata, da na kama hannunki na ji shi sanyi, dariya na yi. Na ɗauka ramuwa ce, a ruwa kika tsoma shi. Na cusa shi a rigata ina jira ya yi ɗumi. Sai da Baffa ya dafa kafaɗata ya ce, "Sake ta haka nan, ɗana."

Jibi za a sake ƙara mini jini. Na roƙi nas ta miƙo mini ledar in rungume da kaina, tun da mai yi ta tafi.

Ina yi wa Baffa da Gwaggo da sauran jikoki ta'aziyya. Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makoma. Masu zuwa gaisuwa suna ta cewa Allah Ya sanyaya makwancinki. Ina amsawa da amin, Kaka, duk da na san ba kya son sanyi.