Ƙarar Mashin ɗin Yaya

Da yayana zai tafi Fatakwal aikin gyaran janareta, sai ya bar mini mashin ɗinsa. Shi bakanike ne tun tasowarmu a Gwaram, ni kuwa iyakar sanina a inji shi ne zuba mai da buga kik. A kan mashin ɗin nake kai kayan koli Fagam da Zandam, wani lokaci har Birnin Kudu.

Wata damina mashin ɗin ya fara sanyi, ba ya jan hawa. Wani bakanike a Birnin Kudu ya ce taimin cen ce ta saki, wato sarƙar da ke cikin injin, ya sa sabuwa. Ban yi nisa ba a hanyar komawa na fara jin kacau-kacau, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Na lallaɓa na iso, na kafe shi a ƙofar gida, na kira Yaya a waya na gaya masa abin da ya faru.

"Tayar da shi, ka bar shi a sulo," in ji shi. "Kara wayar a jikin injin."

Na tsuguna na kara, zafi yana dukan hannuna.

"Ja totur kaɗan. To, saki." Ya ɗan saurara. "Ba bawul ba ne, kukan bawul siriri ne. Wannan sarƙa ce ke dukan bangon injin. Ya sa sabuwa, amma ya bar tsohon tenshina, abin da ke matse ta. Gobe ka koma masa, kuma kada ka yi gudu. Kashe shi."

Na kashe. Ina shirin yin sallama sai ya ce, "Wa ke daka?"

"Inna ce."

"Matsa kusa da katanga."

Na matsa, na ɗaga wayar sama. Taɓarya tana sauka a turmi, Inna tana yi wa akuya faɗa don ta sa mata baki a gero. Can aka fara kiran la'asar. Yaya yana ta saurare, ina jin numfashinsa a wayar.

"In kai mata wayar?"

"A'a. In ta ji muryata yanzu kuka za ta yi, ni ma haka. Bar ta ta gama dakanta."

Washegari na koma Birnin Kudu, na gaya wa bakaniken abin da Yaya ya ce. Ya kwance injin, ya tarar tenshinan ya mutu, ya canja, ƙarar ta ɗauke. Ya ce in gaida mai kunnen nan.

Yaya yana can har yau, ya yi iyali, wata sallar ya zo, wata ba ya samu. Rumfar da yake aikin gyara a da, a bakin kasuwa, yanzu cajin waya ake yi a ciki. Tabon baƙin mai bai fita daga ƙasan rumfar ba, kuma duk sanda na zo wucewa sai na samu kaina ina rage gudu.