Baba Basilla Ya Je Godiya

Shekara arba'in Baba Basilla yana gyaran takalma a bakin tashar mota, kuma bai taɓa yarda cewa takalmi na mutuwa ba. Ka kawo masa silifas ɗin da ko kare ba zai shinshina ba, sai ya jujjuya shi ya ce, "Suma ya yi." Da wannan basillar tasa ta ɗinkin fata ya sa yara shida a makaranta, har autansa ya samu karatu kyauta a ƙasar waje, ya gama, suka riƙe shi aiki a asibiti.

Da Auta ya aiko masa da tikitin ziyarar wata guda, abu ɗaya Baba ya ƙudura. Mutanen da suka karantar masa da ɗa ba su san shi ba, ba su san ubansa ba, ai sai ya yi musu godiya baki da baki kafin ya dawo. Ya sa Auta ya koya masa kalmar godiya da yarensu, ya yi ta bitarta a jirgi.

To, wa zai tsaya? Kullum da safe Baba zai zauna a matattakalar gidan, mutane na wucewa fuu kamar an biyo su, kowa da kofin shayi a hannu. Ya ga ƙato da gemunsa yana bin kare da leda yana kwashe masa kashi. Ya ga mota ta tsaya cak don tsohuwa ta tsallaka, ba wanda ya zage ta. Ya ga jama'a sun yi cirko-cirko suna jiran fitila ta ba su hannu, alhali titi fayau. Kafin ya buɗe baki, mutum ya sha kwana. Sati biyu kalmar na nan bai kai ta ba, abin ya dame shi ƙwarai.

Ran nan matar da ke zaune a ƙasan benensu ta fito da jan takalmi mai tsini ta ɗora kan kwandon shara. Dunduniya ɗaya ce fa kawai ta ɓalle! Basilla da zare da gam kuwa suna ƙasan akwatinsa. Ya gyara, ya goge, ya ajiye mata a ƙofa. Washegari takalmi ya koma shara. Baba ya ce lallai aikin ne bai yi mata ba, ya ƙara ɗinki ya mayar. Ta sake yarwa, ya sake mayarwa.

Da Auta ya ji, sai ya dafe kai. "Baba, don Allah! Mai gidan ce fa. Nan ba a taɓa sharar mutane."

"Shara? Kai Auta, fata ce zalla!"

Ya faɗa dai, amma jikinsa ya yi sanyi. Ya zo godiya, ga shi zai ja wa yaro kora.

Da yamma aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ita ce, jan takalmi a hannu, leda a hammata. Ta daɗe tana zuba, Auta yana danne dariya.

"Baba, ta ce tsohon mijinta ne ya saya mata, shekara goma yana matse mata ƙafa. Ranar da ya ɓalle har rawa ta taka. Ta ce ka yi wa Allah ka bar shi ya mutu."

Sannan ta zaro wani tsohon takalmi daga ledar, bakinsa a wangame. Wannan take so, an ce mata ba ya gyaruwa. Baba ya jujjuya shi ya ce, "Suma ya yi."

Bayan kwana biyu ya kai mata. Ta zura ƙafa, ta buga ƙasa sau uku, ta kama hannunsa da hannu biyu ta faɗi kalmar godiyar nan.

Baba ya zabura. "Auta, ai tawa ce! Ni na zo da ita tun daga gida!"

Ya mayar mata da ƙarfi. Ta sake faɗa, ya sake faɗa, suka tsaya a ƙofa ba mai niyyar bari. Can Baba ya juya ya kama kafaɗar ɗansa.

"Gaya mata tata ta takalmi ce. Tawa kuwa ta karatunka ce."