Yatsa Huɗu a Ƙugun Siket

Mma Barakatu tana buɗe shagonta da ƙarfe bakwai, bayan ta sha koko. Ta share ƙofa, ta ɗiga wa keken ɗinki mai, ta ɗaura tabarau da zare, don hannunsa ɗaya ya karye tuntuni. Shekara talatin da huɗu ke nan tana ɗinka wa 'yan matan Salaga yunifom a ɗakin nan na bayan tashar doya. A Bawku aka haife ta, a Yendi ta koyi ɗinki, aure ya kawo ta nan. Ƙarshen watan nan za ta rufe. Ido ya daina ganin kafar allura.

Ba ta yi boko ba, don haka ba ta rubuta awo. Kowace yarinya tana da ƙyallenta. Mma takan yago dogon zirin yadi, ta zagaya ƙugun yarinya da shi, ta ƙulla, ta rataye a ƙusa. Ga su nan cike da bango, kuma ta san mai kowanne. Duk siket ɗin da ta ɗinka kuma sai ta bar yadi yatsa huɗu a naɗe cikin ƙugu. Iyaye mata sun sha mita, wai ɓarna ce. Amsarta ba ta canzawa: "Yarinya girma take yi."

Na dawo gida bayan shekara tara ina karatu a waje, aka ba ni ɗaki a asibiti don kula da matasa. Na jera kujeru, na liƙa takardu a bango. Wata uku ba wadda ta leƙo. Ungozomarmu, Sista Ubaida, ta ce da ni: "Wace yarinya ce za ta ratsa layin masu awon ciki alhali maƙwabciyar uwarta na kan benci? Je ki shagon Mma Barakatu ki zauna."

Na je na zauna. Idan uwa ta kawo 'yarta awon yunifom na shiga JHS, wato ƙaramar sakandare, sai Mma ta ce maɓalli sun ƙare, a je can ƙarshen kasuwa a sayo. Ga gwangwanin maɓalli cike a kan tebur. Kafin uwar ta dawo, yarinya ta ji abin da ba a faɗa mata a gida: mene ne jinin al'ada, yadda ciki ke shiga, cewa sau ɗaya ya isa, cewa wanka bayan an gama ba ya hana komai, cewa namijin da ya ba ki waya yana jiran abin da zai karɓa. Ba ta wa'azi, ba ta kuma sakaya zance. Ta ƙare da ba ta ƙunzugu uku da ta ɗinka da ragowar yadi.

Ba duka ke ji ba. Sahada ta ji, kuma abin ya faru duk da haka. Ita ta ce in ambaci sunanta.

Shekara bakwai da suka wuce, tana da sha biyar, saura mako goma ta rubuta jarrabawar BECE ta gama ƙaramar sakandare, ta zo shago da guntun yadi mai kauri. Wai ɗamara take so, mai faɗi, mai matsewa. Mma ta sauko da ƙyallenta daga ƙusa ta zagaya mata. Ƙulli bai haɗu ba.

"Wa za ki matse da wannan ɗamara?"

"Baya ke mini ciwo, Mma."

"Ciwon bayan wata nawa?"

A jakar yarinyar akwai kwalba mai baƙin ruwa da wata mata ta sayar mata.

"Kin sha?"

"Gobe na ce zan sha."

Mma ta san irin kwalbar. A Yendi, abokiyar koyon ɗinkinta Munawara ta sha irinta tana da sha shida. Mma ce ta riƙe mata kwano har ta cika. Don haka ta juye kwalbar Sahada a kwata, ta ɗauki reza ta farke ƙugun siket, ta saki yatsa huɗun nan. Ran kasuwa, lokacin da gari ya tafi ciniki, ta ɗora wa yarinyar ƙunshin yadi a ka kamar masu kai wa nas-nas ɗinki, suka shiga wurin Sista Ubaida ta ƙofar baya. Cikin wata biyar ne, ga ƙarancin jini.

Saura uba. Alhaji Tijani dillalin doya ne, mutum mai gudun abin kunya. Mma ba ta tunkare shi kai tsaye ba. Ta fara zuwa wurin yayarsa, Gwaggo Ashetu, domin a irin gidajenmu mummunan labari ta bakin yaya yake isa ga namiji, ita ce ba zai ɗaga wa murya ba. Ya ji, ya yanke hukunci: makaranta ta ƙare. Washegari Mma da Gwaggo suka same shi a zaure. Gwaggo Ashetu ce ta ba ni labarin.

Mma ta ajiye siket ɗin a gabansa. "Alhaji, doyar da ta ƙuje a mota, ya kake yi da ita?"

"'Yata ba doya ba ce."

"Shi ya sa na zo. Doyar ma ba ka zubarwa."

"Da wannan cikin za ta shiga cikin mutane?"

"Da wannan siket ɗin. Na buɗe shi. Hedimasta ya ce ba dokar da ta hana ta zama a aji."

"Ke kike lalata su da surutunki."

"Wanda ya yi mata wannan yana da shekara talatin da babur. Ni keken ɗinki gare ni."

Bai ce to ba. Gwaggo Ashetu ta ce yarinya za ta koma wurinta, daga can za ta riƙa zuwa makaranta. Ya yi shiru, ita kuwa ta ɗauki shirun a matsayin izini. Ita ce kuma ta kai ƙarar mai babur ɗin, ya tsallaka iyaka bai dawo ba. Kafin jarrabawa sai da Mma ta ƙara wa siket ɗin yadi sau biyu. Sahada ta rubuta, ta ci. Bayan mako shida ta haifi Jalil a hannun Sista Ubaida. Yanzu tana shekarar ƙarshe ta koyon aikin jinya.

Alhaji Tijani ya yi shekara bakwai bai gaida Mma ba. Watan jiya ina shagon sai ga shi da kansa, riƙe da hannun autarsa Asiatu mai shekara sha biyu, da yadi a hammata.

"Alhaji, na daina karɓar aiki," in ji Mma.

"Wannan ɗaya."

Ta dube shi ta saman tabarau. "Maɓalli sun ƙare mini."

Ya dubi gwangwanin da ke cike a kan tebur. Ya daɗe yana kallonsa.

"Ina ake sayarwa?"

"Can ƙarshen kasuwa."

"To. Ƙafata na ciwo, ba zan yi sauri ba."

Mma, ke ce asibitin da ba shi da allo a ƙofa. Ke ce kika ga ciki kafin uwa ta gani, ba ki kai shi bakin famfo ba. Ba kowa kika tsirar ba. Wasu sun sha kwalbar kafin su iso gare ki, wasu ba su koma aji ba, kuma kin san sunayensu fiye da ni. Amma waɗanda kika tsirar suna nan, malamai da nas-nas da masu shago, daga nan har Bawku. A madadinsu, na gode. Allah ya sanyaya miki ido, ya saka miki da alheri.

Ku kuma teloli, masu kitso, masu sayar da waake, wato shinkafa da wake, a ƙofar makaranta, 'yan matan nan ta hannunku suke bi kullum, ba ta ɗakina ba. Shagon Mma zai rufe ran talatin ga wata. Ta ce duk wadda za ta ci gaba da aikin ta zo ta ɗauki gwangwanin maɓalli.