Ɗanɗanon Tuwo a Ƙofar Kurkuku

Gandiroban ya buɗe kwanon, ya turo min shi, ya ce in ci loma ɗaya. Dokarsu ke nan: wanda ya kawo wa fursuna abinci shi zai fara ɗanɗanawa, don gudun guba. Ni kuwa azumi nake yi, rana ko tsaka ba ta yi ba.

Ƙanina ne a ciki. Saniya ya saya a kara, ashe ta sata ce. Aka ce rimand, wato a tsare shi kafin shari'a, takardunsa suka ɓace tsakanin 'yan sanda da kotu, shi ke nan aka manta da shi. Yanzu na ji alƙalai na shiga har cikin kurkuku su saurari irinsu. Lokacinmu babu wannan. Miyar gidan yarin kuwa ruwa ce zalla, ƙafafunsa har sun fara kumbura. In tuwona bai shiga ba, da ita zai sha ruwa.

Na roƙi mutumin da Hausa, na roƙe shi da Twi, yaren 'yan Asante, ya ce shi ma ba shi ya kafa dokar ba. Sai wata 'yar Asante da ke bayana, mai sayar da kifi a unguwar Atonsu, ba ta azumi, ɗanta ma yana tsare a ciki, ta fizge kwanon ta rungume.

"Ofisa, yanzu ni na kawo. Me nua, 'yar'uwata, kauce."

Ta gutsuri tuwo, ta dangwali miyar ayoyo, ta haɗiye, ta ce gishiri bai ji ba. Gandiroban ya yi dariya ya wuce da kwanon.

Tun daga ranar duk matan zongo a bayanta muke layi. Ta ci waken wannan, ta kurɓi kokon waccan, tana yi mana sharhi. Wata 'yar unguwar Buokrom ta sha zagi a wurinta kan barkono. Muna ce mata Maame, mu muke azumi, ke kike ƙiba, ta ce ai ladan ma raba shi za mu yi. Mu fito tare mu gangara tashar Kejetia neman trotro, motar haya, ana hira kamar daga gidan suna muke. Wallahi ina kewar layin nan, ko da yake ba wurin kewa ba ne.

Ana cikin goman ƙarshe muka zo ba mu gan ta ba. Aka ce an mayar da ɗanta wani kurkuku can kudu, ta bi shi. Gandiroban ranar sabo ne, ko gaisuwa bai amsa ba. Muka tsaya cirko-cirko da kwanoni a hannu, kowa na kallon kowa. Wata ta ce a je a tambayi malam tukuna. Na ce kafin malam ya buɗe littafi an rufe ƙofa.

Na yi bismilla, na kai loma baki, na haɗiye. Na miƙa masa kwanon na ce ya kai da zafinsa.