Furen da Baba ya dasa a gindin randa

Shekarun baya, yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba, ina yaro a Toranke, muƙamuƙina ya kumbura har haƙorana suka fara girgiɗa. In ka gan ni sai ka rantse gwaza na ɓoye a kumatu. An yi tsaga, an yi shafe-shafe, shiru. Daga ƙarshe aka tura mu asibiti a Kano, aka ce ciwon daji ne.

Allura ake yi mini ta jijiya, a ce mu dawo. Kowane zuwa sai mun taka har Gaya, mu zauna jiran motar Kano. Kumburin ya fara sacewa, amma gashina ya zube, ƙafafuna suka yi sanyi. Ga damina, ciyawa tana cinye gonarmu. Wallahi mun gaji.

Wata rana malamin asibiti ya nuna wa mahaifina wani ɗan fure mai ruwan hoda a bakin baranda, ya ce daga irinsa ake tace allurar nan. Shi hira kawai yake yi. Baba kuwa ya tumɓuko shi da saiwarsa, ya zura a aljihu.

"Magani yana tsakar gida, me kuma za mu je yi Kano?" in ji shi. Ya dasa shi a gindin randa, aka riƙa dafa mini ganyen kamar maganin shawara. Ɗaci ba a magana, amma ni murna nake, na huta da allura.

Kafin a yanke gero kumburin ya dawo, har idona ya fara rufewa.

Mahaifiyata ba ta musu da Baba, amma ran nan da sassafe ta ɗauko majanyi.

"Malam, ka yi haƙuri. Ka ji da gona, ni zan mayar da shi asibiti."

"Da wace ƙafa? Yaron nan ba ya iya takawa."

"Da tawa."

Ta goya ni, ƙato da ni, ƙafafuna na dukan ƙwaurinta. A zuwa na gaba Baba ya aro jaki, ya ɗaure a ƙofar gida. Haka muka yi ta jele har aka sallame ni.

Ban taɓa jin haushin Baba ba. Gajiya ce, kuma a saninsa ganye dafa shi ake yi.

Yanzu furen ya cika harabar ofisoshi, mutane na yabon kyansa. Ni in na gan shi, ƙeyar mahaifiyata nake gani, gumi na gangarowa, tana cewa, "Riƙe ni da kyau, mun kusa," alhali ko rabin hanya ba mu yi ba.