Sunan da na fara karantawa da kaina

'Yata ta fari an haife ta a farkon 1970, a gidanmu na unguwar Aboabo a Gana, watanni kaɗan bayan hukuma ta ce baƙi marasa takarda su bar ƙasa. Mu muna da takarda, amma ɗakuna uku a gidan sun zama kango. Haihuwar ce abin murna na farko da muka gani, shi ya sa kowa ya ɗauke ta da zafi.

Tun ranar da ta faɗo maigida ya ce sunan mahaifiyarsa za a raɗa mata. Na yi murna, amma ga matsala: ni ba zan iya kama sunan surukata da bakina ba, balle kuma 'yar fari. Dole a nemi laƙabi. A gidan kuwa akwai Ummi, akwai Ummi Ƙarama, akwai Mama, duk takwarorin Inna ne, wato surukata. In ka kira ɗaya, uku ke amsawa.

Ni ina da suna a ɓoye a raina. Shekara guda ke nan ina zuwa makarantar manya da la'asar. Wata rana malamarmu, 'yar arewacin Gana ce mai jin Hausar zango, ta rubuta sunayen 'ya'yan ɗalibai a allo. Ina kallon ɗaya daga ciki sai na ji bakina yana haɗa shi ba wanda ya taimake ni: Do, na, ta. Donata. Kalmar da na fara karantawa da kaina ke nan a duniya. Ranar har na wuce ƙofar gidanmu ban sani ba, ina ta maimaitawa.

Kwana biyu da haihuwa, Inna tana gasa min jiki da ruwan zafi, na yi ƙarfin hali na faɗa mata.

"Wa?" in ji ta.

"Donata, Inna."

"'Yar nan, zafin ruwan ne ya taɓa ki? Sunan mutum ne ko na sabulu?"

Na ce na mutum ne. Ta matse tsumma, ta ce ita ba za a kira takwararta da abin da ba a san asalinsa ba, wa ya sani ko sunan gunki ne. In ina so, in kawo mata ma'anarsa da garin da ya fito kafin ranar suna. In ba haka ba, Ummi ta uku ce.

Mai jego ba ta fita. Sai na yage takarda daga littafina, na rubuta wa malama wasiƙa, ta farko a rayuwata. Layi huɗu ne, amma sun ci min wuni guda, ina rubutu ina shayarwa. Ƙanwar maigida, wadda ke sayar da koko a bakin hanyar Alabar, ita ta kai. Ta dawo ta ce malama ma ba ta sani ba, kuma uwar mai sunan ta ce fada ne ya zaɓa musu a coci. Amma malama ta yi alkawari za ta je ta tambayi wani tsohon fada da ke karanta tsofaffin littattafai.

Kwana uku ina sauraron ƙofa. Ko akuya ta ture ƙyaure sai gabana ya faɗi. Inna kuwa da gangan take leƙowa ta ce, "Ina Ummi ta uku? Ta sha nono?"

Jajiberin suna, tsakar gida cike da mata ana dakan gero, ƙanwar maigida ta shigo tana kaɗa takarda a sama kamar tuta. Aka ajiye taɓare. Inna ta zauna a kan turmi ta ce in karanta kowa ya ji.

Na bi layin da yatsa a hankali. Malama ta rubuta cewa sunan daga Latin yake, harshen Rumawan dā, wanda yanzu ba garin da ake cinikin kasuwa da shi. Ba sunan gunki ba ne. Ya fito daga kalmarsu ta bayarwa, ma'anarsa wadda aka bayar kyauta. Masu sa shi suna nufin Allah ne ya ba su. Na namiji kuma Donatus.

"Waɗanne Rumawa?" Inna ta tambaya. "Masu sura a Alƙur'ani?"

Na ce ina jin su ne ko danginsu.

"Sake karantawa."

Na sake. Ta ce in nuna mata inda aka rubuta kyautar. Na ɗora yatsa a kai, ta sunkuya ta daɗe tana kallo, ita da ba ta san boko ba ko harafi ɗaya.

"Duk wannan wahala," in ji wata maƙwabciyarmu Bazabarma, "ashe Kyauta ce. A garinmu ba sai an tambayi fada ba."

Mata suka kwashe da dariya. Inna ba ta yi ba. Ta karɓi takardar ta ƙulle a bakin zaninta, ta ce a ci gaba da daka. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Na koma ɗaki ban san matsayina ba.

Da safe liman ya raɗa suna, aka yanka rago, maigida ya aiko da goro cikin gida. Matan unguwar Moshi Zango suka iso, wata tsohuwa ta ɗauki jaririyar ta ce, "To, mu da ba ma iya kama sunan Hajiya, me za mu riƙa ce mata?"

Na sunkuyar da kai ina jira.

"Donata," in ji Inna. "Sunan Rumawa ne, na tun dā can. Ku ba ku san shi ba. Zauna in gaya miki ma'anarsa."