Turmi Ɗaya, Taɓarya Biyu

Ina da shekara ashirin na kama aikin dakan sakwara wajen wata Hajiya mai sayar da abinci a kusa da tashar jirgin ƙasa ta Minna. Mu biyu ne a turmi ɗaya, ni da wata yarinya sa'ata daga wani ƙauye a bayan Wushishi. Ɗakunanmu na haya a unguwar Kpakungu suna kallon juna. Hausarta a karkace take, "kai" take ce mini maimakon "ke", ni kuwa ba na gajiya da tsokanarta.

Wanda bai taɓa daka da wani ba, ba zai gane ba. In taɓaryarki ta tashi, tata ta sauka. Kafin wata biyu, ko ba ta buɗe baki ba, daga saukar taɓaryarta nake sanin ta karya kumallo ko ba ta karya ba. Haka na gane tana da ciki tun ba ta faɗa ba. Mijinta ya tafi neman aiki kudu, shiru kake ji. Dokar Hajiya kuwa ɗaya ce: mai sanyin hannu ta kama gabanta. Sai na riƙa rage nawa hannun daidai da nata, in an yi faɗa a yi mana tare.

Ana nan ta ari ɗankwalina na Sallah, ta ƙona shi da dutsen guga. Ɗankwali fa! Ni kuma Allah ya yi ni da zuciya kamar kuturu. Ta ba ni haƙuri, na yi kunnen uwar shegu.

Washegari Hajiya na tsaye a kanmu na saki hannu, tim-tim-tim, ba numfashi. Ina jin taɓaryarta tana makara, ina jin hakinta. Na san abin da nake yi sarai.

Ta ce a hankali, "Yaya, ka rage mana."

Na ƙara wuta. Taɓarya ta suɓuce mata, ta dafa bakin turmi ta durƙusa. Hajiya ta ƙare mata kallo, ta ce, "Au, abin da kike ɓoyewa ke nan? 'Yar nan, je ki gida ki huta. Nan ba asibiti ba ne."

Yarinyar ba ta tona ni ba. Ta ɗauraye hannu, ta ce mini sai gobe, alhali mu duka mun san babu goben. Kwana uku ɗakinta da kwaɗo, na huɗu aka zuba wasu 'yan haya. Na tambaya har na gaji, babu wanda ya san sunan ƙauyen nasu. Ko ta sauka lafiya, ko ba ta sauka ba, har yau ban sani ba, kuma abin yana cina.

A ranar ni kaɗai na ƙarasa dakan. Hajiya ta ce, "Ka ga 'yar halak!" Ta ƙara mini tsokar nama biyu a kwano. Wallahi na cinye.